Baba Sannu da Gefen Hagu

Ku gyara zama, yau labarin maƙwabcinmu zan ba ku, direban motar makaranta, wanda duk unguwa ke kira Baba Sannu. Yana da sunan yanka kamar kowa, amma ina jin ko matarsa sai ta yi tunani kafin ta tuno shi. Yaran makaranta ne suka laƙaba masa wannan, saboda idan yana tuƙi, mai keke ma yakan wuce shi ya waiwayo yana dariya.

Ba da motar yara ya fara ba. A ƙuruciyarsa manyan motoci ya ja, masu dogon zango, irin waɗanda direba kan yi mako bai ga gida ba. Abin da ya gani a bakin hanya a shekarun nan bai taɓa ba mu labarinsa dalla-dalla ba. In hira ta biyo ta wajen, sai ya shafa gemu ya ce a canza magana. Da aka haifa masa ɗa na biyu ya ajiye babbar mota, ya karɓi bas ɗin wata makarantar firamare, kuma a kan kujerar nan gashinsa ya yi fari.

Kowa ya san tsarinsa. Kafin ya tayar da mota sai ya zagaye ta, ya taɓa tayoyi, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi ko kyanwa ta kwana, sannan ya goge madubai da wani tsohon tawul shuɗi da ba ya bari a taɓa masa. Ya san yaron da ke amai in ya zauna a baya, ya san wanda ke barci har a wuce gidansu. Akwai wata ƴar mitsitsiya ƴar aji ɗaya da kullum sai gorar ruwanta ta faɗi in ta sauka, ta bi ta da gudu ta gaban mota. Ita yakan jira har sai ya ga ta shige ƙofar gidansu kafin ya saki birki. A duk shekarun nan ko fenti bai taɓa gogewa ba.

To, aikin direban makaranta rabinsa jira ne. Ka sauke yara da safe, sai kuma an tashi. Baba Sannu yakan yi wannan jiran a ɗakin mai gadi, wani ɗan ɗaki a bakin get mai benci ɗaya da fanka mai ƙara da butar shayi ta lantarki. Mai gadin Dogo ake ce masa, kuma sunan bai yi ƙarya ba, sai ya sunkuya yake shiga ɗakin nasa. Shi ne ya jawo Baba Sannu cikin kallon ches, darar nan mai sarki da sarauniya da dawaki. Ba irin wadda ake zama ana tagumi ba, ta gaggawa, wadda ake ba kowa minti uku kacal ya gama wasansa duka. Agogonka ya ƙare, ka faɗi, ko da kai ne ke da rinjaye a allo.

Ku ji abin mamaki, mutumin da ba ya wuce giya ta uku a tuƙi, shi ne ya kamu da son wasan da hannu ke riga ido. Sau ɗaya ya gwada bugawa da kansa a waya, lokacinsa ya ƙare yana nan yana duba hanya. Dogo ya yi dariya har ya sarƙe da shayi. Daga ranar Baba Sannu ya ce shi ɗan kallo ne, kuma kallon ya riƙe da gaske.

Sai su jingina wayar Dogo da butar shayi su haɗa kai. Ga allo a tsakiya, ga agoguna biyu suna ci kamar wuta, ga fuskokin ƴan wasa a ƴan akwatuna, ga mai sharhi yana zana kibau kore da ja. Ba duk maganarsa Baba Sannu ke ji ba, harshen ba nasa ba ne, amma kibau ba sa bukatar tafinta. Sunayen kayan wasan ma nasa ya raɗa musu. Mai tafiya miƙe ba kwana, ita ce tirela. Mai yankowa a karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan, shi ne mai babur. Ƙananan nan da ke jere a gaba suna tafiya taki ɗaya-ɗaya, su ne yara.

"Ka ga wannan," yakan ce wa Dogo, "duk hankalinsa yana kan abin da ke gabansa. Bai san mai babur yana laɓe a lungu ba. Haka ake yi a mahaɗar hanya."

Abin da ya ce ya koya ke nan: kafin ka motsa, ka tambayi kanka me wancan yake nufi, kuma ka duba allon duka, har inda kake ganin ba kowa. Amma abin da ya fi ba shi nishaɗi daban ne. Yana son ɗan wasan da an riga an cinye shi, sarauniya ta tafi, tirela ta tafi, amma ya ƙi miƙa wuya, ya dinga jan sarkinsa nan da can da sauri har agogon abokin karawarsa ya ƙare, ya tashi da nasara. In aka yi haka, Baba Sannu har hawaye yake yi don dariya.

Suna da wasansu a cikin kallon. In wasa ya yi zafi, Dogo zai danna ya tsayar da bidiyon, kowa ya faɗi abin da za a buga. Wanda ya kuskure shi ke ɗora shayi. Shekara da shekaru Dogo ne mai ɗora shayi.

Wata safiya Baba Sannu ya tashi kansa ya yi nauyi, hannunsa ɗaya kamar an kwanta a kai. Kafin ya gama shiri abin ya sake shi. Ya sha farasitamol ya ce gajiya ce, bai ko faɗa wa matarsa ba.

A makon nan Baba Sannu ya fara ɗora shayi.

Da farko Dogo murna ya yi. "Tsoho, an zo wajen. Tashi ka ɗora, kuma kada ka cika ruwa."

Ranar da abin ya fito fili, an tsayar da bidiyo, Baba Sannu ya matso da fuskarsa ya ce sarauniya ta ci yaron nan, ba mai tsaronsa. Dogo ya saki bidiyon. Ɗan wasan bai taɓa yaron ba, mai sharhi kuwa ya ja wata doguwar kibiya ja tun daga kusurwa.

"Mai babur ya sake kwashe ka," in ji Dogo. "Ga shi nan zaune tun ɗazu, ko makaho ya gan shi."

"Daga ina ya fito?"

"Daga inda ya fito jiya. Da shekaranjiya. Kai duk wanda ya biyo maka ta hagu ya ci banza. In da kai ne mai gadin nan, ta hagu ɓarawo zai shigo ya yi maka sallama."

Wasa Dogo yake yi, yana ma neman kofuna. Bai ga yadda fuskar abokinsa ta canza ba. Baba Sannu ya ce zai je ya duba ruwan mota, ya fita, kafaɗarsa ta hagu ta bugi ƙyauren ƙofa. Sai a lokacin ya tuna cewa jiya ma ya buge ta a gida.

Ya shiga bas ya rufe ƙofa, ya nemo bidiyon a tasa wayar, ya tsayar da shi daidai wurin. Ya kafa ido a kan sarauniya a tsakiyar allo. Gefen dama yana nan cif, tirela da doki da yara. Gefen hagu kuwa babu. Ya juya kai kaɗan, sai ga mai babur a kusurwarsa. Ya mayar da ido kan sarauniya, mai babur ya ɓace. Ya rufe idon dama da tafin hannu, haka. Ya rufe na hagu, haka. Sai ya kwantar da wayar a kan kujera don kada hoton ya juya da kansa, ya juya ta ƙasa ta koma sama. Yanzu mai babur ya dawo dama, yana ganinsa sarai, tirela da doki kuma su suka tafi.

Daga baya ya ce mana, da duhu yake gani da tun ranar farko ya sani. Ba duhu ba ne. Babu komai ne kawai, kamar yadda mutum ba ya ganin ƙeyarsa kuma ba ya jin ya rasa wani abu.

Ya ɗago kai ya kalli gilashin gaba. Ga filin makaranta, ga get. Ya san akwai bishiya a hagu, shekaru yana ajiye mota a inuwarta. Babu bishiya. Kwana nawa ke nan yana ɗaukar ƴaƴan mutane da rabin hanya?

Yana cikin wannan aka kaɗa ƙararrawar tashi.

Kun san yadda yara ke fitowa. Kafin ya haɗiye yawu sun cika motar, wannan na kuka an taka masa takalmi, wancan na "Baba Sannu, yau ni ne a gaba." Ya kamata ya sauko a lokacin. Shi ma ya sani. Amma sai zuciya ta ce masa hutu ya kusa, hanyar nan ya san ta kamar tsakar gidansa, in ya dinga juya kai zai gani. A lallaɓa har agogo ya ƙare. Ya murɗa makulli.

Bai taɓa tuƙi irin na ranar ba. Kansa na kaiwa da komowa kamar fanka, wuyansa ya riƙe, rigarsa ta manne da baya. Duk mahaɗa sai ya tsaya cak, na baya suna ta hon. Yara suna ta hayaniya, a wani wuri ma suka haɗa baki suna kiran wani abu suna buga taga, ya daka musu tsawa, abin da bai saba ba, suka yi tsit. Ya sauke su ɗaya bayan ɗaya. Ƴar mai gorar ruwa ta shige gida lafiya. Ya mayar da mota makaranta, ya taka zuwa gida, can ƙasan ransa yana cewa, ashe za a iya.

Ya yi sallama, matarsa ta amsa a daƙile. Innar yara mace ce mai jiki, mai murya, ba ta iya ɓoye fushi. Ta dire masa kwanon abinci har murfin ya yi tsalle.

"Lafiya, Innar yara?"

"Lafiya lau, Malam. Tunda yanzu mun zama waɗanda ake wucewa a titi."

"Wa ya wuce ki?"

"Au, tambaya ma kake? Na fito kasuwa da kaya niƙi-niƙi, na ce bari in tsaya a kwanar gidan mai, ko kayan ka rage mini kamar yadda ka saba. Ka zo ka tsaya a gabana. A gabana, Malam. Ina ɗaga maka lema, jar lemar nan da ake hangowa daga ƙarshen layi. Har jikin motar na taɓa. Yara suna ta ga Inna, ga Inna, kai ko ka ja motarka. Mai lemo da ke wurin har tambayata ta yi ko faɗa muka yi."

Baba Sannu ya ajiye cokali.

"Ta wane gefe kika tsaya?"

"Ta wane gefe kuma? Inda na saba."

"Ta hagu," in ji shi.

"To da ta ina?"

Ya tuna kwanar, ya tuna ya tsaya, ya tuna ya juya kai ya duba. Ya duba, ya tabbata ya duba. Sai dai wuyan bai kai inda take ba, ko kuma ta iso bayan ya mayar da kai. Mace kamar Innar yara, da jar lema.

Ta ga yadda yake kallon bango, sai fushin ya zube. Ta jawo kujera ta zauna.

"Malam, me ke faruwa?"

Ya faɗa mata duka, tun daga safiyar ciwon kai har juya waya. Ba ta gane zancen mai babur ba, amma ta gane sauran.

"Shi ya sa," ta ce a hankali. "Kwanan nan kana cin gefe ɗaya na kwano ka bar ɗaya. Na zaci girkina ne ya gundure ka."

"Hutu ya kusa," in ji shi. "In na lallaɓa zuwa hutu, sai in je asibiti ba wanda ya sani. In na faɗa yanzu, shi ke nan, ba mai sake ba ni mota. Ni kuma ban iya komai ba sai ita."

Sai ta ce, "Yarinyar nan da kake ba ni labari, mai yar da gora. In ta tsaya a gaban motarka, ina take kaiwa?"

Ya ɗaga hannu ya nuna, bai ko kai tsayin teburin ba. Abincin nan haka aka ɗauke shi.

Washegari da sassafe suka fita tare. Ita ta bi ta hagunsa tana riƙe da hannun rigarsa, tana cewa ga rami, ga mai keke. Sun tarar da shugabar makarantar ta riga ta iso, tana tsaye a bakin get da Dogo. Mace ce mai kirki, ta girme wa ƴaƴansa da kaɗan, Baba take ce masa. Ya miƙa mata makulli ya yi mata bayani a taƙaice.

Ba ta karɓa ba. Ta duba idanunsa, farare tas, ba ja ba kumburi.

"Baba, ai idonka lafiya lau. Gajiya ce. Ka ga yanzu yara suna tsaye a bakin titi, iyayensu da yawa sun wuce aiki. Ba ni da wani direba a hannu. Ka yi mini na yau kaɗai, na safen nan, kafin a tashi na samo wani. Kai da ba ka gudu ma?"

"Malama, jiya matata na wuce."

"Kowa yakan yi wannan in hankalinsa ya tafi. Don Allah, Baba. Yau kaɗai."

Dogo ya sunkuyar da kai. Innar yara ta buɗe baki, mijinta ya ɗaga mata hannu. Ya nufi motar. Ya zagaye ta kamar kullum, ya leƙa ƙarƙashi, ya goge madubai, ya hau ya zauna ya zura makulli. Ita Innar yara ta ce mini a lokacin ta san in ya murɗa ba mai sauko da shi. Shi kuma ya ce gaskiya ya so ya murɗa. Yara suna jira, an roƙe shi, jiya ma ai an dawo lafiya.

Sai ya leƙo ta taga.

"Malama, hawo ki tsaya kusa da ni. Dogo, je ka wajen bishiya. In na ce ka taho, ka taho ta gaban mota kamar yaro zai tsallaka."

Shugabar ta hau tana duba agogon hannunta. Baba Sannu ya kama sitiyari da hannu biyu, ya miƙe ido gaba yadda direba ke yi in zai tashi.

"Taho."

Dogo ya taho. Ya iso daidai fitilar hagu ya tsaya, ƙirjinsa har yana taɓa ƙarfen motar. Ya cire hula yana kaɗawa.

"Dogo, ka taho mana," in ji Baba Sannu.

Dogo ya ɗaga hannu biyu sama. Mutumin da ya fi kowa tsawo a makarantar.

"Ka bar wasa, lokaci na tafiya. Muna jiranka."

Shugabar ta dafe baki. Sannan ta miƙa hannu ta zare makullin da kanta, ta riƙe shi gam a ƙirji kamar wani zai ƙwace.

"Ya iso?" in ji Baba Sannu.

"Tun ɗazu, Baba."

Ta sauka, ta shiga ofis ta fara kiran iyaye ɗaya bayan ɗaya. A ranar yara da yawa sun makara, wasu ma ba su zo ba, an kuma sha mita. Innar yara ta wuce da mijinta asibiti. Likita ya ce idanun ba abin da ya same su, wata ƴar jijiyar jini ce ta toshe a cikin kai tun safiyar nan da kansa ya yi nauyi, kuma an yi sa'a ya zo kafin babba ta biyo baya. Ya ɗora shi a kan magani. Tuƙi kuwa, ya ce a manta da shi.

Yanzu wani ne ke jan motar. Baba Sannu ya ba shi tawul ɗin, ya kuma tsare shi da bayanin yarinya mai gora har sai da mutumin ya maimaita masa. Ba ya yawan zancen idonsa. Abin da ya ce yana sa shi tsayawa da cokali a hannu shi ne tafiyar yammacin nan guda, da muryoyin yaran suna buga taga, shi kuma yana ce musu su yi shiru.

Yakan je ɗakin Dogo har yanzu, Innar yara ta raka shi ta hagu ta wuce kasuwa. Suna jingina waya da buta kamar da. In wanda aka cinye ya shiga jan sarki nan da can yana neman agogo ya cece shi, Dogo yakan yi dariya shi kaɗai. In kuma wasa ya yi zafi aka tsayar, Baba Sannu yakan ɗora yatsa a can ƙarshen allo ta hagu, ya biyo layi-layi a hankali.

"Tsoho, shayi na jira," in ji Dogo.

"Ya jira. Ban gama duba lungu ba."